Fuskar Abundio a Kan Ginshiƙi

Eutimio Barriuso masassaƙin dutse ne, haka ubansa, haka kakansa, a ƙauyen Quintanalobos da ke kan tuddan arewacin Sifen. Shekarunsa saba'in da tara a lokacin da wannan abu ya faru. Ya daɗe da rataye guduma, domin hannunsa na dama ya koyi rawa, ko cokalin miya ya ɗauka sai rabi ya koma kwano kafin ya kai baki.

Abu ɗaya ƙauyen yake da shi na nuna wa baƙo, shi ne gidan sufaye Kiristoci na San Pelayo, ginin da ya haura shekara ɗari takwas a gindin tudu. An ce a da sufaye sittin ne a ciki. Yanzu saura huɗu, ƙaraminsu ma ya ba sittin da biyar baya. A tsakiyar gidan akwai fili mai kusurwa huɗu da rijiya, rumfar dutse ta kewaye shi, ginshiƙai talatin da biyu na ɗauke da ita. Kowane ginshiƙi yana da kai, wato dutsen da bakan rumfar ke hawa a kansa, kuma a kowane kai maginan dauri sun sassaƙa wani abu. Wani ganyaye ne, wani tsuntsaye suna cizon ƙafafun juna, wani Adamu da Hauwa'u, wani Daniyel a ramin zakuna, zakunan kamar karnukan da suka ci suka ƙoshi.

A hunturun 1963 dusar ƙanƙara ta yi kwana tara tana sauka. Rufin rumfar arewa ya gaji, ya rufto, ya ragargaza kan ginshiƙi na goma sha huɗu. Shugaban sufaye na lokacin, Fada Honorio, mutum ne mai tsoron Allah, amma tsoron ma'aikatan adana kayan tarihi ya ɗan fi yawa a ransa. Sau uku suna rubuto masa ya gyara rufin nan, sau uku yana danne takardar da kwalbar tawada. Ya san in labari ya kai musu, za su zo da motoci su garƙame rumfar, watakila ma su kwashe duwatsun su kai gidan tarihi a birni. Sai ya aika aka kira masa Eutimio, wanda a lokacin yake ɗan shekara ashirin da takwas, watansa biyar da aure.

"Ɗana, za ka iya yin irinsa?"

Eutimio ya tsuguna ya juya gutsattsarin. Ga ƙafar shaiɗan, ga tumbin wani ƙaton mutum, ga hannu riƙe da abin da ya yi kama da cinyar rago. Azabar mai haɗama ce aka sassaƙa. Fuskar kuwa ta zama gari.

"Zan iya, Fada. To fuskar fa? Yaya take?"

"Shekara talatin ina wucewa ta gabanta, ban taɓa ɗaga kai ba. Ka sa masa duk fuskar da ta dace da mai haɗama. Amma ka kama bakinka muddin ina raye."

Eutimio bai sha wahalar neman fuska ba. Matarsa Casilda tana da wa, Abundio, mai kiwon aladu. Lokacin da Eutimio ya fito neman aurenta, Abundio ya tsaya a mashayar ƙauye, a gaban kowa, ya ce ƙanwarsa ba za ta auri mai cin ƙura ba, wanda ko taki ɗaya na gona ba shi da shi. Da aka yi auren duk da haka, shi ya fara zama a tebur, shi ne ƙarshen tashi, an kuma ga tsiran alade biyu suna leƙe daga aljihun kwat ɗinsa a hanyar gida. Fuskarsa ba ta ɓata a cikin taro: hanci ya karkata hagu, leɓen ƙasa a zube, ga kunnen dama da alfadari ya gatse wa sama tun yana ƙarami.

Wata huɗu Eutimio ya yi a kan dutsen, a bayan ɗakin itacen sufaye. Daga tsohon ramin da maginan farko suka sari nasu ya saro nasa. Ya ajiye ƙarafan zamani ya ɗauko na kakansa. Bai taɓa yin aiki da dukan zuciyarsa kamar wannan ba, bai kuma sake ba. Da ya gama sai ya binne dutsen cikin kashin shanu mako shida, ya tono, ya shafe shi da tsamin madara da kunkunniya, ya bar shi a inuwa har gansakuka ta kama. Ya ɗora shi da tsohuwar farar ƙasar da ya tsinta cikin ɓaraguzai. Fada Honorio ya zo ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo, ya yi alamar gicciye, ya wuce kafaɗunsa na girgiza saboda dariya.

Ranar idin San Pelayo aka buɗe wa mutanen ƙauye rumfar kamar yadda aka saba. Ba a yi minti biyar ba wata tsohuwa ta dafa ƙirji ta ce, "Kai jama'a, wannan ba Abundio ba ne shaiɗan yake ɗura wa nama?" Daga ranar sunansa ya koma Na-Dutse. Shekara biyu Abundio ya yi ba ya gaisawa da surukinsa, shekara hamsin bai sa ƙafa a rumfar ba. Kowa a ƙauyen ya san wanda ya yi aikin. Ba wanda ya taɓa gaya wa baƙo, don ba baƙon da ya taɓa tambaya.

Ƙauyen ya yi ta tsiyayewa. Matasa suka tafi Bilbao, wasu Jamus. Aka rufe makaranta, motar haya ta daina zuwa, mashaya ta koma buɗewa ranar Lahadi kaɗai. Fada Honorio ya rasu, aka naɗa Fada Serapio. Eutimio ya ci gaba da sassaƙa kwamin shayar da dabbobi da duwatsun kabari, na biyun sun fi ciniki.

Ana nan sai ga Farfesa Leocadia Arregui a watan Mayun 2014. Mace ce siririya mai furfura, da takalman hawan dutse da ƙaramin tsani da take ninkewa ta rataya. Ta yi shekara ashirin tana bin majami'u da gidajen sufaye daga Faransa zuwa Italiya zuwa Fotugal, tana aunawa tana ɗaukar hoto. Kwana biyu ta yi niyyar yi a Quintanalobos. Ta yi wata uku.

A ƙarshe ta tara mutanen ƙauye a tsohon ajin makaranta, su wajen arba'in, ta haska hoton kan ginshiƙi na goma sha huɗu a bango. Ta ce sauran kawunan aikin magina ne na yau da kullum, Allah ya saka musu. Amma wannan, ta ce, hannun gwani ne, gwanin da ba a san sunansa ba, wanda ya yi zamani wajen shekara ta 1170. Ta ce tabbas ya bi hanyar masu ziyarar ibada ya ga manyan majami'un Faransa, sa'an nan ya wuce su. Ta ce a zamanin da kowa ke sassaƙa fuskoki kamar an buga su da hatimi ɗaya, shi ya kalli mutum na gaske ya mayar da shi dutse. Ta raɗa masa suna Gwanin Quintanalobos.

Kowa ya sami abin kallo a takalminsa. Eutimio na zaune a layi na uku, yana jira wani ya juyo ya nuna shi. Ba wanda ya juyo.

Abundio bai halarci taron ba. Washegari ne Farfesa ta shiga mashaya neman kofi ta tarar da shi yana karta, ya juya mata gefen fuska. Kofin ya kusa kuɓuce mata.

"Baba, don Allah ɗan juyo. A'a, ta can. Ikon Allah! Tun yaushe danginku suke ƙauyen nan?"

Abundio ya dube ta sama da ƙasa. Shekarunsa tamanin da biyu, kuma tun da yake ba wanda ya taɓa kallon fuskarsa da murna haka.

"Tun kafin a yi ƙauyen," in ji shi.

"Har kunnen! Gado ne?"

"Mu duk haka ake haihuwarmu a gidanmu."

Wani daga teburin karta ya ce "alfadari" ƙasa-ƙasa, sai ya ji takalmi a ƙaurinsa ya yi shiru.

Kafin kaka ta shigo labari ya fito a jarida, da hoton dutsen da na Abundio gefe da gefe: fuska ɗaya, shekara ɗari takwas. Gidan talabijin ya zo. Manyan motoci suka fara tsayawa a dandalin ƙauye, suna zazzage Faransawa da Jamusawa da 'yan makaranta. Mashaya ta koma buɗewa kullum, har ta ɗauki mai dafa abinci. Wasu ma'aurata suka dawo daga Bilbao suka buɗe masauki. Abundio kuwa, wanda ya yi shekara hamsin yana kewaye rumfar kamar akwai annoba a ciki, ya sayi sabuwar hula, aka ajiye masa kujera a gindin ginshiƙi na goma sha huɗu. Yana zama daga ƙarfe goma zuwa ƙarfe ɗaya, yana juya wa masu hoto kunnensa na dama. Har ya koyi zubo leɓe fiye da yadda Allah ya zubo masa.

Eutimio ya daina cin abinci sosai.

"Ci miyar waken nan ko in ba kaji," in ji Casilda. "Me aka yi maka?"

"Me aka yi min? Ni na yi shi! Da hannun nan! Yanzu wancan tumbin ne a jarida."

"To wa ya aike ka? Duk fuskokin duniya, sai ta yayana. Ka so ka kunyata shi, ga shi nan Jamusawa suna sumbatar kumatunsa."

"Zan je in gaya mata."

"Je ka mana. Amma sauya riga tukuna, wannan duk miya ce."

Ya sami Farfesa a rumfar da rana tsaka, tana kan tsaninta. Ya cire hula ya riƙe da hannu biyu don kada ta ga rawar hannun. Ya faɗa mata komai, tun daga dusar ƙanƙara har kashin shanu. Ta sauko ta saurare shi har ƙarshe, ba ta katse shi ba.

"Baba Eutimio, ai na san da kai," ta ce. "Na karanta littafin da Fada Honorio yake rubuta al'amuran gidan nan. Ya ce a 1963 kan ginshiƙi ɗaya ya fashe a rumfar arewa, ɗan Barriuso ya yi sabo. Ina ta so in zo in gaishe ka."

Eutimio ya buɗe baki zai yi godiya, sai ta kama gwiwar hannunsa a hankali, ta wuce da shi ta gaban na goma sha huɗu, ta gaban Abundio da ke gyangyaɗi a kujera, ta tsaya da shi a kusurwa, a gindin ginshiƙi na tara.

Na tara shi ne mafi muni a duk rumfar. Gudun Maryamu da jaririnta zuwa Masar aka sassaƙa. Kan Yusufu mijinta ya kusa kai girman jikinsa, jakin ya yi kama da zomo, jaririn kuwa kamar an naɗe burodi a tsumma.

"Tun ranar farko na gane shi," in ji Farfesa. "Kada ka ji kunya, Baba. Kana matashi, ba ka yi makarantar abin ba, kuma ba wanda zai tsaya kusa da Gwani bai ƙanƙance ba. Ka yi iya ƙoƙarinka."

"Farfesa, wannan ba nawa ba ne. Wannan yana nan tun kafin a haifi kakan kakana. Wancan ne nawa."

"Shekara hamsin ba kwana biyu ba ne. Ƙwaƙwalwa takan haɗa abubuwa."

"Na rubuta sunana a kansa! Haruffa biyu da shekara, a saman dutsen, inda baka ya danne. A ɗaga a gani."

"A ɗaga baka daga kan aikin Gwani?" Ta dafa ƙirji. "Baba, ko ƙura ba a yarda a share masa ba sai da takarda daga birni."

Bai haƙura ba. Ya koma gida ya kwaso ƙarafan kakansa da wani guntun dutse, ya ce ta tsaya ta gani da idonta, zai fitar mata da kunnen nan yanzu. Ya saita ƙarfe, ya ɗaga guduma, hannun ya yi abin da ya saba. Bugu na farko ya zame, na biyu ya ɓantare gefen dutsen, na uku ya sauka a babban yatsansa. Farfesa ta ɗauko magani da bandeji daga jakarta ta ɗaure masa da kanta.

Sai ya shiga neman shaidu. Ya fara da magajin gari, Fulgencio, wanda surukarsa ce ke da sabon masaukin.

"Haba Baba Eutimio, ni a 1970 aka haife ni. Me na gani?"

"Ubanka ne ya taya ni ɗaga dutsen!"

"Allah ya ji ƙansa, bai taɓa gaya min ba."

Ya je wurin Fada Serapio. Fada ya zuba masa ruwan inabi, ya ce shi a 1991 ya zo gidan, kuma maginan da suka gina manyan majami'un duniya ba su sa sunansu a ko'ina ba, ladansu na wurin Ubangiji. Ya ƙara da cewa rabon da a iya gyara rufin ɗakin sujada tun kafin zuwansa, ga shi bana za a gyara.

Daga ƙarshe ya haɗiye girman kai ya tsaya a gaban kujerar Abundio.

"Suruki, kai ka fi kowa sani. Shekara biyu ba ka gaishe ni ba saboda dutsen nan."

Abundio ya gyara hula. "Ni? Ni dai na tuna mun ɗan saɓa a kan wata akuya."

"Wace akuya? Ban taɓa mallakar akuya ba!"

"To ka gani, kai ma ka fara mantuwa. Ɗan matsa, kana tare wa baiwar Allah nan hoto."

Eutimio ya yi wata biyu bai bi ta hanyar gidan sufayen ba. Sai a farkon hunturu magajin gari ya liƙa sanarwa a ƙofar mashaya. Ma'aikatan adana kayan tarihi sun karanta rahoton Farfesa, sun yanke shawarar cire kan ginshiƙi na tara, tunda gyaran zamani ne da ke ruɗa baƙi yana kuma rage wa rumfar daraja. Za a sa dutse sumul marar zane a madadinsa. Tsohon kuwa a ba wanda ya yi shi in yana so, in ba ya so a kai shi bayan gari.

Da safe Eutimio ya ɗauki sandarsa ya tafi. Sanyi ya hana baƙi zuwa, kujerar Abundio ma ba kowa. Ya roƙi ɗaya daga cikin sufayen ya kawo masa benci, ya hau, ya tsaya ido da ido da Yusufu mai ƙaton kai. Tun yana yaro yake wucewa ta nan yana dariyar jakin, amma bai taɓa sa hannu ba. Yanzu ya sa.

Abin da ya fara ji a yatsunsa shi ne sawun ƙarfen duk daga dama yake gangarowa zuwa hagu. Bahago ne ya yi aikin. Ya ci gaba da shafawa har ya kai bayan kunnen Yusufu, sai ya ji wata jijiya a cikin dutsen, siririya kamar gashi, ta ratsa ta gangara har wuyan jakin. Ya tsaya. Dutse ne mai aibi aka ba mutumin nan, kuma a kusurwa, inda nauyin bakuna biyu ke haɗuwa. Da ya rage kan Yusufu zuwa daidai, da ya shiga jijiyar, da dutsen ya tsage tun a shekarar farko. Da ya fitar wa jakin dogon wuya, haka. Sai ya bar nama a duk inda dutsen ke buƙata, ya yarda a yi masa dariya. Shekara ɗari takwas ke nan, rufi ya rufto a gefensa, shi bai ko motsa ba.

Eutimio ya daɗe a kan bencin. Sai da sufin ya dawo ya ce masa, "Baba, sauko kada ka faɗi."

Ranar da wakilin ma'aikatar ya zo da takardunsa aka sake taruwa a ajin makaranta. Farfesa ta zo ita ma. Wakilin ya karanta shawarar, ya tambaya ko akwai mai magana, yana riga yana rufe jakarsa. Eutimio ya miƙe. Ya riga ya gwada gaskiya sau huɗu, ya ga inda ta kai shi.

"Na tara nawa ne," ya ce. "Ni na yi shi."

Casilda ta ɗago kai ta dube shi.

"Ni na yi shi a 1963, da hannun nan. Na san ba shi da kyau. Jakin zomo ne, na ji, shekara hamsin ina ji. Amma shi kaɗai ne abin da na bari a duniya ban da duwatsun kabari. Ina da rai, ina tsaye a gabanku, za ku ciro shi ku kai bayan gari? To ku haɗa da ni. Ranar da kuka zo zan zauna a gindinsa, ku kira masu talabijin ɗin nan su ɗauka."

Wakilin ya ce abin ba na son rai ba ne, ƙa'ida ce. Casilda ta miƙe ta ce ita ma za ta zauna, za ta kuma zo da kujerarta da saƙarta. Mutanen ƙauye, waɗanda suka yi wata shida suna kauce wa idon Eutimio a hanya, suka ga ƙofa ta buɗe musu, suka yi caa. Wannan ya ce tarihin ƙauye ne, wancan ya ce ubansa ne ya taya ɗaga dutsen. Fulgencio ne ya faɗi haka.

Sai Abundio ya buga sandarsa a ƙasa. Yanzu in ya yi magana ana saurare.

"Ranka ya daɗe, a bar wa surukina abinsa. Ba kowa Allah yake ba baiwa ba. Ai yana da amfani ma. In baƙo ya kalli nasa, sa'an nan ya zo ya kalli namu, ya fi gane bambanci."

Farfesa, wadda idanunta suka ciko tun jawabin Eutimio, ta ce wannan magana ce mai ma'ana. Ta ce a wasu wurare a Italiya ana barin gyaran baya a inda yake, a sa masa alama, don shi ma ya zama tarihi. Wakilin ya duba agogo, ya ce zai rubuta haka.

Bayan wata uku aka manna ƙaramin allon tagulla a gindin ginshiƙi na tara: "Gyaran zamani. Eutimio Barriuso, magini ɗan ƙauyen nan, 1963." Aka yi ɗan biki, Fada Serapio ya yayyafa ruwa mai tsarki, aka ci cuku da tsiran alade. Mai yi wa baƙi jagora ta ƙara wurin a cikin zagayenta. Takan tsaya nan minti ɗaya, baƙi su yi murmushi, wani lokaci in Eutimio na kusa wata tsohuwa ta dafa kafaɗarsa ta ce masa da Sifaniyancin koyo, "Jaki kyakkyawa." Shi kuma ya ce na gode. In ya ga yara suna jingina da ginshiƙin, yakan kore su da sanda.

Littafin Farfesa ya fito bayan shekara biyu, shafi ɗari huɗu, ta aiko masa da guda ta gidan waya da sa hannunta. Idonsa ba ya ganin ƙananan haruffa, sai Casilda ta sa tabarau ta karanta masa babin Gwani bayan abincin rana. An rubuta cewa hannun Gwani bai taɓa shakka ba. An rubuta cewa ya san mutumin da ya sassaƙa sani na kusa, ya ji haushinsa, amma bai iya hana kansa ba shi rai ba. Eutimio ya ce ta maimaita wannan wurin. Ta maimaita. Ya ce ta ƙara.

"Sau nawa? Ga kwanuka suna jirana."

"To ci gaba. Me ya same shi daga baya?"

Casilda ta juya shafi, ta bi layi da yatsa. "Ta ce tunda ba a sami wani aikinsa a ko'ina ba, ga alama bai yi tsawon rai ba. Wataƙila zazzaɓi ya ɗauke shi a hanya wajen shekara ta 1180, yana matashi."

Eutimio ya jinjina kai.

"Allah ya ji ƙansa," ya ce. "Miƙo min burodin nan."